Yadda Injiniya Ya Nutsar da Zuhal

A bakin babban titi, tsakanin shagon Tela da rumfar mai aski, akwai wani mai faci da ba ya amsa kira sai an ce masa Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya rubuta abinsa da jan fenti a jikin tsohuwar taya, ya rataye a bishiyar da yake aiki a ƙarƙashinta, mutane suka ga kiran ba ya rage su da komai suka bi shi da shi. Faci dai ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bakinsa ne matsalar. Ka kawo masa tayar keke, kafin ya gano hujin ya gama gaya maka yadda zai gyara jirgin sama in da masu jirgin suna da hankalin kawo masa.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Injiniya a rai. A makarantar da 'yarsa Auta take, duk shekara akan yi baje kolin kimiyya. Iyaye su cika fili, kowane ɗalibi ya nuna abin da ya ƙera, daga ƙarshe a miƙa masa lasifika ya faɗi wanda ya taimaka masa a gida. Bara ɗan Tela ya nuna wata 'yar lemar sauka daga jirgi da ubansa ya ɗinka masa, ya kuma kira sunan uban a lasifika. Injiniya yana zaune kusa da Tela a ranar, ya ga yadda ya miƙe yana ɗaga wa mutane hannu. Tun daga nan bai ƙara jin ƙarar keken ɗinki ba tare da ransa ya sosu ba. Ya rantse bana sunansa ne zai fita daga lasifikar nan.

Wata ranar hutu ya dawo cin abincin rana, ya tarar da Auta a tsakar gida ta durƙusa gaban bahon wanki, ƙwallon roba a hannu ɗaya, ɗan dutse a ɗayan.

"Me kuma ake yi a nan?"

"Aikin baje koli ne, Baba. Wannan ƙwallon Zuhal ce, duniyar nan mai zobe. Dutsen kuma duniyarmu ce."

"To me ya kawo duniyoyi cikin bahon uwarki?"

Auta ta gyara zama. Yarinya ce mai son a tambaye ta. "Duniyoyin da ke kusa da rana dutse ne da ƙarfe, don zafin rana bai bar iska mai sauƙi ta taru a wurin ba. Na can nesa cikin sanyi su suka tara iskar suka kumbura. Zuhal ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, in gaba ɗayanta za a auna ma ta fi tamu nauyi. Amma ka ɗebi cikin kwano daga can, ka ɗebi cikin kwano daga nan, namu ne zai rinjaya, don namu a danƙare yake. Malama ta ce da za a sami ruwan da zai ɗauke ta, Zuhal yawo za ta yi a sama."

Ta saki ƙwallon, ya yi ta lilo a kan ruwa. Ta saki dutsen, ya wuce ƙasa.

Duk wannan bayani, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Injiniya.

"Iska kika ce? Kina da uban da ya yi furfura yana aiki da iska, kika tsaya wasa da ƙwallon yara? Ɗauke min wannan abin kunya. Ni zan ƙera miki Zuhal, wadda na bayan fili ma sai ya ja da baya kafin ya gan ta duka."

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban Auta, ka tuna famfon da ka gyara mana?"

"Famfon ba ya kawo ruwa ne?"

"Yana kawowa. Har ɗakin kwana yake kai mana."

"Ke dai ba ki san aikin injiniya ba."

"Na sani mana. Ni nake kwashe shi da tsumma."

Auta ta kalli uwarta, ta kalli ubanta. Tana son ubanta, kuma tana tsoron aikinsa, duka biyun gaskiya ne. A ƙarshe ta ce, "Baba, abu biyu kawai nake so. Zuhal ta yi yawo a kan ruwa, duniyarmu ta nutse. Shi ke nan."

"Kin gama magana," in ji Injiniya yana buga ƙirji. "Ke dai ki gyara murya don lasifika."

Washegari ya tattaro duk tsofaffin tiyub ɗin da ke jibge a bayan bishiya, robobin cikin taya da masu motoci suka bari, ya yayyanka su, ya yi ta liƙa wannan da wancan da gam. Abin da ya fito bai yi kama da ƙwallo ba, ya fi kama da buhun da aka cusa wa kabewa, amma Injiniya ya ce iska ce za ta daidaita shi. Ya jona injin bugun iska ya tsaya yana riƙe da ƙugu.

Tela ya fito ƙofar shago da awo a wuya. "Injiniya, abin nan ya isa haka."

"Kai da allura ka saba. Iska ba ta san ka ba."

"Kunnena dai ya san ta. Ji yadda yake kuka."

"Murna yake yi."

Bai rufe baki ba abin ya fashe. Ƙarar ta sa mai aski, da yake tsakiyar gyara wa wani dattijo gefen kai, ya zarce da injin askin har tsakiyar kan, ya buɗe masa hanya fetal. Wani guntun roba ya tashi ya sauka a kan ɗinkin da ke kan keken Tela da gam ɗinsa ɗanye. Masu wucewa suka watse, wasu suka kwanta a ƙasa. Dattijon ya fito da mayafin aski a wuya yana tambayar wanda ya kawo yaƙi unguwa.

Injiniya ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Gwaji ne. Yanzu na san iyakar robar."

"Mu ma mun san iyakarka," in ji mai aski. "Zo ka gaya wa bawan Allah nan yadda zai koma gida da wannan kai."

Da wani ne, da sai ya haƙura ya koma ga baho. Injiniya kuwa sai ya tuna Auta ta ce iskar Zuhal mai sauƙi ce, ya yanke hukunci cewa laifin iskar injinsa ne, ta cika nauyi. Ya je wurin mai shagon wayoyi ya aro ƙatuwar balan-balan ɗin talla da suke ɗagawa a saman shago, ya shafe ta da fenti ruwan ɗorawa, ya kai wa mai sayar da balan-balan a ƙofar wurin wasan yara, ya sa ya ɗura mata iskar nan mai tashi sama daga tukunyarsa ta ƙarfe. Wannan karon kam abin ya yi kyau. Ya jawo ta da igiya a titi kamar mai jan raƙumi, yana gaisawa da mutanen da bai taɓa gaisawa da su ba.

Da ya iso sai ga mai mota yana jira da taya a sace. Injiniya ya waiwaya neman inda zai ɗaure Zuhal, idonsa ya faɗa kan igiyar shanyar mai wanki, wadda aka kafa da wasu 'yan sanduna a gefen rumfa. Ya ɗaure ta a nan ya sunkuya kan taya. Iska ta kaɗo. Sandunan suka tumɓuke, Zuhal ta tashi da igiya da duk abin da ke kanta: riguna, zanin gado, da dogon wandon wani babban mutum da mai wanki ya yi alkawarin kaiwa da yamma.

"Kayan mutane!" mai wanki ya fito da gudu, kumfa har gwiwar hannu. "Injiniya, kayan mutane sun tafi sama!"

"Kwantar da hankalinka, can za su fi saurin bushewa."

"Zan shanya ka tare da su!"

Allah Ya taimaka igiyar ta sarƙe a kan wata doguwar bishiya a bayan layi. Unguwa ta taru a ƙasa tana kallon wandon babban mutum yana rawa a sama. Injiniya ya hau tsani da ƙugiya, ya kai wa igiyar sara, ƙugiyar ta kuskure ta sami Zuhal a ciki. Ta yi wani dogon tsaki ta sace, ta faɗo ta lulluɓe shi a kan tsanin, suka sauko tare da kayan wankin cikin kwata.

Ana ciro shi Tela ya matso, ya ɗaga robar da yatsa biyu yana dariya har da hawaye. "Wannan ce babbar duniyar? Ƙatuwa haka, ba ta da nauyin da za ta zauna wuri ɗaya? Ai lemar ɗana ta fi ta natsuwa. Ita ko ba komai ƙasa take saukowa."

Wannan magana ta shiga Injiniya fiye da faɗuwar da ya yi. A gaban mutane a ce abin da ya ƙera ba shi da nauyi? Ya ja robar ya koma bayan bishiya, ya yi mata faci ta ko'ina har ta tsuke ta koma girman ganga. Sannan ya fara ɗura mata yashi. Ya ga yashin bai gamsar da shi ba, ya ƙara da tsofaffin notuna da guntayen ƙarfe. Mai walda ya lanƙwasa masa rodi ya yi mata zobe, don a cewar Injiniya zoben kwali na talakawan duniyoyi ne. Da ya gama ya tura ta da ƙafa, ko motsi ba ta yi ba. Ya yi murmushi ya ce yanzu ya ga iskar da za ta ɗauke ta.

Saura duniyarmu. Ya kwaɓa siminti a cikin tsohuwar tukunya ya yi ta, ta bushe, ya ɗauko zai shafa mata fenti, ta suɓuce ta sauka a kan babban yatsansa na ƙafa. Ihun da ya yi ya sa mai aski ya ɗaga injinsa daga kan wanda yake wa aski tun kafin a yi ɓarna ta biyu. Injiniya ya zauna yana hura yatsa yana zagin siminti. Ƙaramar duniya, ina ita ina wannan mugun nauyi? Ya wurgar da ita, ya samo farin soson nan mara nauyi da ake nannaɗe sabon firji da shi, ya sassaƙe shi da wuƙa ya zama ƙwallo, ya shafa shuɗi da kore. Ta yi kyau ƙwarai, kuma da yatsa ɗaya ake ɗaga ta. A ganinsa yanzu komai ya zauna daidai, babba da nauyinsa, ƙarami da sauƙinsa.

Ya rufe su da tamfol. Auta ta biyo ta wurin daga makaranta ta ce a nuna mata.

"Sai ranar. Abin mamaki ba a buɗe shi da wuri."

"To ka gwada su a ruwa, Baba?"

"Mai koyo ne yake gwaji."

"Ai ran nan ka ce gwaji ne, da abin ya fashe."

"Wuce gida, uwarki na jiran ki."

Ranar baje koli fili ya cika. Injiniya ya riga ya je ya tsare shugaban makaranta da surutu har ya yarda a yi nunin Auta a bakin tankin simintin da ake tara ruwan ban shuka, wanda zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Bai tsaya nan ba, ya sa aka matso da teburin alƙalai dab da bakin tankin, wai kada wani abu ya wuce su. Ya sha sabbin kaya, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ɗayar a naɗe da bandeji. Tela yana layin gaba, ya harɗe ƙafa.

Aka kira Auta. Ta fito ta tsaya, sai ta hango ƙarti huɗu suna turo wani abu cikin tamfol a kan katako, jijiyoyin wuyansu a tashe, gumi na zuba. Ta matsa kusa da ubanta ta yi ƙasa da murya.

"Baba, me ke cikin Zuhal?"

"Martaba."

"Baba, don Allah."

"Ɗan yashi ne kawai, don kada ta tashi. Yi maganarki, mutane na jira."

Mutane kuwa suna jira, malamarta tana yi mata alama da hannu ta fara. Auta ta juya ga mutane ta faɗi abin da ta haddace. Ta ce babbar duniyar nan iska ce mai sauƙi, za a ga ta yi yawo a kan ruwa, ƙaramar kuma dutse ce da ƙarfe, za ta nutse.

Injiniya ya yaye tamfol da kansa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku sake ta!"

Suka sake ta da murna. Zuhal ta gangara ta faɗa tanki da wata irin ƙara, ruwa ya tashi sama ya sauka a kan teburin alƙalai. Babbar alƙaliyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta sami rabonta tun daga ɗankwali har takalmi. Da ruwan ya lafa aka leƙa, babu Zuhal babu alamarta, sai kumfa ke tasowa.

Daga layin gaba Tela ya ce, "Ta tafi gaida kifi ne?"

"Numfashi take ja," in ji Injiniya. "Yanzu za ta taso. Kafin nan ga duniyarmu." Ya ɗauki ƙwallon shuɗin ya jefa da ƙarfi. Ya dira a kan ruwa ya yi tsalle, ya tsaya a sama, iska ta fara kaɗa shi yana zagaya tankin.

Dariya ta ɓarke daga bayan fili ta taho gaba. Injiniya ya ji ta har ƙashinsa. Bai tsaya tunani ba, dama ba halinsa ba ne, ya tuɓe takalminsa ɗaya ya faɗa tankin da sabbin kayansa. Ya nutsa ya kama zoben Zuhal ya ja, zoben ya yage robar, yashi ya turnuƙe ruwan, notuna suka zube. Ya taso yana tari, ya ga duniyarmu tana wuce shi, ya cafke ta ya danna ƙasa. Ta kufce ta taso ta bayansa. Ya sake kamawa ya hau kanta ya zauna, ta juye da shi, ƙafar bandeji ta yi sama. Matarsa da ke cikin mata ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ba wanda ya san ko kuka take ko dariya. A ƙarshe ya samu ya matse ƙwallon tsakanin gwiwoyinsa a ƙarƙashin ruwa, ya miƙe tsaye yana haki.

"Ga shi nan," ya ce wa alƙalai. "Ta nutse."

Dattijuwar ta cire tabarau ta goge da gefen da ya rage a bushe na mayafinta. Ba ta kalle shi ba, Auta ta kalla. "Yarinya, kin ce babbar za ta yi yawo, ta nutse. Kin ce ƙaramar za ta nutse, sai da aka hau kanta. Me ya faru?"

Idon Auta ya cika da hawaye. Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dubi ubanta a cikin ruwan yashi, ta ga shi ma ita yake kallo, kuma karon farko a rayuwarta ta ga bakinsa a rufe. Sai ta sunkuya ta ɗauki wani noti da ruwa ya watso bakin tanki, ta tsinci ɓallin farin soso da ya ɓare, ta ɗaga su sama.

"An musanya musu ciki ne, Hajiya. An zuba wa Zuhal dutse da ƙarfe, abin da ke cikin duniyarmu ke nan, shi ya sa ta nutse. Tamu kuma aka yi ta da abin da kusan duk iska ne, irin na Zuhal, shi ya sa ta ƙi nutsewa. Ruwa ba ruwansa da wadda ta fi girma. Abin da aka cusa a ciki yake dubawa." Ta saki notin a tanki ya wuce ƙasa, ta saki soson ya tsaya a sama.

Dattijuwar ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa tebur. Ta ce ta daɗe tana alƙalancin baje koli, ba ta taɓa fahimtar darasi da jikinta duka ba sai yau. Sauran alƙalan suka gyaɗa kai suna matse hannun riga. Shugaban makaranta ya miƙa wa Auta lasifika, ya ce kamar yadda aka saba, ta faɗi wanda ya taimaka mata.

Injiniya ya runtse ido. Abin da ya shekara yana jira ke nan, yau kuma da za a tambaye shi da ya ce a bari sai baɗi.

Muryar Auta ta cika filin har titi. "Babana ne, Injiniya. Ga shi can cikin tanki. Shi kaɗai ya yi aikin nan duka, wallahi ko hannu ban sa ba."

Tafi ya tashi da shewa. Tela ne ya fara miƙewa tsaye, yana tafi yana share hawaye. Injiniya ya buɗe ido a hankali ya ga fili duka shi ake kallo. To, suna dai an kira, kuma wanda aka kira sunansa hannu yake ɗagawa. Ya gyara tsayuwa ya ɗaga hannu biyu sama. Gwiwoyinsa suka saki, duniyarmu ta taso da ƙarfi ta doke shi a haɓa.

Matarsa ce ta zo bakin tankin ta miƙa masa hannu. Yana riƙe da haɓa, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Kin dai ji? Ta kira sunana."

"Na ji," in ji ta. "Har masu wucewa a titi sun ji. Fito ka matse wandonka."